An Tashi Daga Fili: Me Za Ka Sha, Kuma Da Me Za Ka Wanke Baki?

Lokacin gasar Olamfik ta Landan a 2012, wasu likitocin haƙori na jami'ar UCL da ke Landan, ƙarƙashin Farfesa Ian Needleman, sun duba bakin 'yan wasa 278 da suka je asibitin da aka buɗe a masaukin 'yan wasa. Mutane ne da ba su da wata sana'a sai kiwon jikinsu, amma sai aka tarar kashi 55 cikin ɗari haƙoransu sun fara ruɓewa, kashi 45 haƙoran sun zaizaye, kashi 76 kuma dasashinsu ya kumbura. Kashi 18 suka ce ciwon baki yana taɓa musu atisaye ko wasa.

Wani zai ce ai dama mai ciwo ne ke kai kansa asibiti, kuma da gaskiyarsa. To amma bayan 'yan shekaru likitocin nan suka bi 'yan wasan Birtaniya 352 har wuraren atisayensu, suka sake dubawa. Kusan rabinsu na da ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba, alhali kashi 94 cikin ɗari suna goge baki sau biyu a rana, sun ma fi sauran jama'a tsafta. Abin da ya tona asiri shi ne kashi 87 suna shan lemon nan na 'yan wasa a kai a kai.

Ashe ba a wajen buroshi aka yi sakaci ba. Abin da ke bi ta baki lokacin wasa da kuma sa'a ɗaya bayan an tashi, shi ne ke yin ɓarnar. Don haka mai motsa jiki, ko gudun safe yake yi a Filin Sukuwa na Kano, ko tamaula a filin unguwa, ko ɗaga ƙarfe, yana da zaɓi biyu a gabansa kullum: abin sha, da abin wanke baki. Na farkon ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Yawu shi ne mai gadin baki. Jikin babban mutum yana samar da tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a yini. Yana wanke guntattakin abinci, yana karya kaifin tsami, yana kuma ɗauke da kalsiyam da fosfet da ke mayar wa haƙori abin da ya rasa. Da zarar gudu ya yi gudu, numfashi ya koma ta baki, gumi na tsiyaya, sai yawun ya ja baya ya yi kauri. Duk wanda ya buga ƙwallo da hantsi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ya san farar kumfar nan mai danƙo da ke taruwa a gefen leɓe. Idan hunturu ne kuwa, iskar kanta ta isa ta busar da maƙogwaro. A jami'ar Heidelberg ta Jamus, a 2014, an duba bakin masu wasan nan da ke haɗa iyo da keke da gudu su 35, aka auna yawun wasu daga cikinsu aka ga yana raguwa lokacin atisaye, kuma wanda ya fi daɗewa yana atisaye a mako ya fi yawan ruɓaɓɓun haƙora.

Ɓarnar kuma iri biyu ce, kuma sai an bambance su kafin a iya zaɓen abin sha. Akwai tsamin da ke cikin abin shan kansa, wanda ke narkar da farin ɓawon haƙori kai tsaye. Ana auna tsami da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne kamar ruwa, kuma duk lokacin da lambar ta sauka da ɗaya, tsamin ya ninka sau goma. Ɓawon haƙori yana fara narkewa daga wajen 5.5 zuwa ƙasa. Sannan akwai sukari, wanda ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suke ci su fitar da nasu tsamin, shi ne ke haƙa kogo. Tun shekarun 1940 wani likita a Amurka, Robert Stephan, ya nuna cewa cikin 'yan mintoci da shigar sukari lambar pH take sauka, wato tsamin ya ƙaru, kuma sai an yi rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin yawu ya daidaita shi. Wannan fa a bakin da ke da yawu ke nan, ba na wanda ya gama haki ba.

Ruwa, lemon 'yan wasa, da na ƙarin kuzari

Ruwa ba shi da sukari, ba shi da tsami, kuma shi ne ke dawo da yawu. Ledar fiya wata ɗaya ko biyu ta wadatar: kurɓar farko a kurkure baki da ita sosai, sauran a shanye. Aibinsa ɗaya, ba ya mayar da gishirin da gumi ya fitar ko ƙarfin da aka ƙona. Sai dai ga wanda motsa jikinsa bai wuce sa'a ɗaya ba, wannan aikin karin kumallo ne ko tuwon dare, ba na kwalba ba.

Lemon 'yan wasa, irin su Gatorade da Lucozade Sport, ba yaudara ba ne. An ƙirƙiro Gatorade a jami'ar Florida a 1965 saboda 'yan ƙwallon Amurka da ke atisaye na sa'o'i cikin zafi. Galibi akwai wajen giram 6 na sukari ko danginsa a kowace mililita 100, wato kimanin giram 30 a robar rabin lita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada sukarin da babba ke sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da jikinsa ke ƙonawa, wajen giram 50 ke nan a yini, in ma so samu ne rabin haka. Ga kuma tsamin sitirik da ake zubawa don ɗanɗano, wanda ke sa yawancinsu su tsaya tsakanin 3 da 4 a ma'auni. Wanda ya shiga gudun fanfalaki na Legas mai kilomita 42, ko ya buga cikakken wasa na minti 90 a rana, yana da hujjar shan sa. Wanda ya zaga fili na minti 30 don rage tumbi kuwa, ya mayar da abin da ya ƙona, ya kuma biya da haƙoransa.

Ga wanda dole ne ya sha, yadda ake shan ya fi yawan abin muhimmanci. Kowace kurɓa tana sake tayar da tsamin daga farko, don haka mai tsotsar roba ɗaya kaɗan-kaɗan har a tashi wasa ya fi cutuwa a kan wanda ya kwankwaɗe ta lokaci guda. A sha da yawa a tashi ɗaya, kada a wasa shi a baki, sannan a bi shi da ruwa.

Lemon ƙarin kuzari kuma, irin su Fearless da Predator da Red Bull, wani abu ne daban, duk da samari suna haɗa su a layi ɗaya. Ba don mayar da ruwan jiki aka yi su ba. Kafeyin ne da sukari mai yawa, kusan daidai da lemon kwalba. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2012, inda aka jiƙa ɓawon haƙori a cikin lemuka iri-iri, ya nuna irin waɗannan sun ci ɓawon ninki biyu na abin da lemon 'yan wasa ya ci. Wanda aka rubuta wa "babu sukari" ma bai tsira ba: ya kuɓuta daga kogo, amma tsaminsa yana nan. Shi kuwa garin gulukos da ake zuba wa yara a tafin hannu ranar wasannin makaranta, in sau ɗaya ne a shekara babu komai. Ƙungiyar unguwa da ta mayar da shi abin lasa duk hutun rabin lokaci ita ce ya kamata ta sake shawara.

Zoɓo da 'yan uwansa

Nan ne zancen ya fi shafarmu, domin mai zoɓo ta fi mai Gatorade yawa a bakin fili. Kuma mutane suna ganin tunda na gida ne, daga ganye aka yi shi, ai lafiyayye ne. Ta wasu fuskoki haka ne. Amma haƙori bai san na gida ko na kanti ba, tsami kawai ya sani. Zoɓo yana da tsamin kansa mai ƙarfi, a ma'auni yakan sauka wajen 3 ko ƙasa da haka, kuma saboda wannan tsamin ne ake antaya masa sukari kafin ya shiga baki, wasu su ƙara da abarba. Ke nan ya haɗa ɓarnar biyu, ga kuma jan launinsa da ke kama haƙorin da ya yi laushi.

Mafi muni shi ne na leda da aka daskarar. Ka dubi yaro bayan an tashi ƙwallo: ya ɓula kusurwar ledar da haƙoran gaba, yana tsotsa yana murza ƙanƙarar, minti 15 ko 20 bai gama ba, kuma duk ɗigon da ya fito a kan haƙoran nan huɗu na sama yake sauka. Lemon zaƙi da ake fere wa a yanke kansa a tsotsa, shi ma hanyar ɗaya ce.

Haka nan ruwan ɗumi da lemon tsami, ko khal na tuffa, da mata da yawa masu neman rage ƙiba suke sha kafin motsa jiki ko bayansa. Ruwan lemon tsami yana wajen 2 zuwa 2.5 a ma'auni, ya kai lemon kwalba ko ya fi. Idan mutum ya ce abu ya kashe masa haƙora, ya ji suna wani ƙas-ƙas in ya haɗa su, to ɓawon ne ya yi laushi. Wadda ba za ta iya bari ba, ta tsinka shi da ruwa mai yawa, ta sha da tsinken shan lemo, ta kurkure baki nan take.

Nono da madara su ne na biyu bayan ruwa, kuma ga mai ɗaga ƙarfe ma sun fi ruwan amfani, tunda suna gina tsoka. Madara kusan tsaka-tsaki take a ma'auni, tana cike da kalsiyam da fosfet, kuma sukarin da ke cikinta na asali shi ne mafi ƙarancin cutar da haƙori. Kindirmo yana da tsami a harshe, amma saboda yawan kalsiyam ɗinsa ba ya narkar da ɓawo kamar zoɓo. Matsalar tana shigowa ne daga cokalin mai dama fura. Ka ce mata, "Inna, a rage sukari," ko a bar shi gaba ɗaya in za ka iya, sannan a kora da ruwa don furar tana maƙalewa a matse-matsin haƙora. Yogot na roba yawancinsa an riga an zuba masa sukari tun daga kamfani. Kunun aya ba shi da tsami in sabo ne, amma dabino da sukarin da ke cikinsa ba kaɗan ba ne. Cikin kayan marmari kuwa, kankana da ayaba sun fi lemo da abarba sauƙi ga baki busasshe. Rake da ake cewa yana wanke haƙora, ruwan sukari ne tsantsa.

A nawa lissafin, ruwa ne gaba, nono marar sukari na biye, kunun aya da fura mai zaƙi a tsakiya, sannan zoɓo da lemon 'yan wasa kafaɗa da kafaɗa. Na ƙarin kuzari ba shi da gurbi a jakar atisaye.

Buroshi, asuwaki, cingam, ko ruwan kurkure baki

Wanda ruwa kawai ya sha, ya goge bakinsa duk lokacin da ya ga dama. Maganar jira ta wanda ya sha abu mai tsami ce. Ɓawon da tsami ya taɓa kamar katangar ƙasa ce bayan ruwan sama: in ka goga hannu sai ta biyo ka, in ka bar ta ta sha iska sai ta koma da ƙarfinta. Wasu likitoci suna cewa a jira minti 30, wasu sa'a ɗaya, kuma gwaje-gwajen ba su taru a kan adadi ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a kauce wa gardamar: a goge kafin a fita. Mai gudun safe ya yi buroshi bayan sallar Asuba da makilin mai sinadarin fuloraid, ya tofar amma kada ya kurkure da ruwa, sai ya fita da kariyar a haƙoransa. A duba jikin makilin ɗin, ana so a ga an rubuta yawan fuloraid ɗin 1350 zuwa 1500 ppm ga babba. Buroshin kuma mai laushi ko matsakaici. Mai taurin nan da ake yabo wai ya fi fitar da datti, dasashi yake ci. Na dare kafin barci kuwa ba a ɗaga masa ƙafa ko an gaji, domin yawu yana raguwa ƙwarai idan ana barci.

Asuwaki ya fi buroshi dacewa da bakin fili ta fuskoki da dama. Yana shiga aljihu, ba ya neman ruwa ko wurin tofar da kumfa, kuma ɗan yajin itacen arak ko ɗacin darbejiya yana tsinko yawu, wanda shi ne ake nema a wannan lokacin. Gwaje-gwajen da suka kwatanta shi da buroshi sun nuna yana cire dattin haƙori daidai gwargwado idan an iya amfani da shi. Amma yana da nasa rauni. Ba ya bayar da fuloraid da zai kai na makilin, ba ya isa bayan haƙora da turame na can ciki cikin sauƙi, kuma yana da ɗan yashi-yashi a jikinsa mai kankara. Masu dirza shi da ƙarfi sau da yawa a rana su ne ake gani dasashinsu ya janye, wuyan haƙori ya fito yana zogi idan aka sha ruwan sanyi. Saboda haka dokar zoɓo ta hau kansa shi ma. Bayan abu mai tsami, a tattauna bakinsa a hankali don yawu ya zo, a bar dirzar sai an jima. A riƙa yanke kan da ya tsufa, kuma kada a jefa shi cikin jaka tare da safa da rigar da ta jiƙe da gumi. Ni a wurina asuwaki na rana ne, buroshi da makilin na safe da dare, babu wanda ya kori wani.

Cingam marar sukari, musamman mai sinadarin zailitol, shi ne ya fi komai saurin kawo yawu. Minti 20 na tauna bayan an sha abu mai zaƙi ko tsami yana taimakawa sosai, ba tare da an goga komai a haƙori ba. A karanta jikin takardar, domin ƙananan nan na teburin mai alawa sukari ne zalla. Na san a wajenmu magidanci da cingam a baki abin kallo ne, za a ce ya zubar da girma. Wanda ba zai iya ba, asuwakin ya ishe shi. Wanda muƙamuƙinsa ke ciwo, kamar masu cije haƙora lokacin ɗaga ƙarfe, shi ma ya haƙura da shi.

Ruwan kurkure baki na kwalba shi ne mutane ke zaton ya fi kowanne, saboda ƙamshi da sanyin da yake bari. Mai barasa a ciki yana iya ƙara wa busasshen baki bushewa. Mai kashe ƙwayoyin cuta kuma, wato mai sinadarin kuloheksidin, yana da wani labari. A 2019 masu bincike a jami'ar Plymouth ta Ingila, ƙarƙashin Dakta Raul Bescos, suka sa mutum 23 gudu na minti 30 a kan na'ura, sannan suka ba su abin kurkure baki. A ka'ida jini yakan sauka bayan motsa jiki, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a kan harshe suna da hannu a ciki: suna juya sinadarin naitiret da ke cikin yawu zuwa naitirait, a haɗiye shi, ya taimaka wa jijiyoyin jini su ci gaba da zama a buɗe. Ranar da aka ba su ruwa mai ƙamshi kawai, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 5 bayan sa'a ɗaya. Ranar da aka ba su mai kashe ƙwayoyin, da maki 2 kacal ya sauka, kuma bayan sa'a biyu amfanin ya ɓace. Gwajin ƙarami ne, amma dattijon da ke tattaki kowace safiya saboda hawan jini bai kamata ya yi wasa da shi ba. Dama kuloheksidin magani ne na 'yan kwanaki da likita ke rubutawa, in aka daɗe a kansa yana rina haƙora. Wanda aka rubuta wa ya ci gaba, ya dai tambayi likitan lokacin da ya fi dacewa. Mai fuloraid marar barasa daban ne, shi ana iya kurkurawa da shi bayan atisaye, tunda babu guga a ciki.

Gawayi, toka, da dirza gishiri da yatsa: suna sa haƙori haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare shi, kuma ɓawon da ya tafi ba ya tsirowa.

Watan azumi yana haɗa duk waɗannan a wuri ɗaya. Mai atisaye gab da magariba bakinsa ya wuni a bushe, babu damar shan ruwa, sai asuwaki da malamai suka halatta wa mai azumi, da kurkurar alwala ba tare da kai wa maƙogwaro ba. Ana kiran salla kuma ga dabino mai danƙo, ga kunun tsamiya, ga zoɓo mai ƙanƙara, duk a kan haƙoran da ba su da kariya. Ba a ce a bar su ba. A bi dabinon da ruwa mai yawa, a sha kunun da zoɓon tare da abinci a zama ɗaya maimakon a yi ta kurɓa har a tafi asham, a ɗaga buroshi zuwa lokacin kwanciya, a kuma sake bayan sahur. Masu gasar ƙwallon dare bayan asham su tafi fili da ruwa.

Idan haƙori ya fara zogi da ruwan sanyi, ko bakin haƙoran gaba ya yi siriri har haske na ratsa shi, ko dasashi na jini duk lokacin da aka goge, to canza abin sha kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ga likitan haƙori. Akwai kuma abu ɗaya da ba a jira da shi ko kaɗan: haƙorin da gwiwar hannu ko naushin dambe ya fitar gaba ɗaya. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta. In ya yi datti a ɗauraye shi a taƙaice, a mayar da shi gurbinsa, a ciji tsumma mai tsafta a kai. In hakan ya gagara, a saka shi cikin madara ta ruwa marar sukari, ko cikin yawun mai haƙorin a ɗan kofi, ba cikin ruwa zalla ba kuma ba a takarda ba, a garzaya asibiti kafin sa'a ɗaya ta cika. Haƙorin yaro na fari da bai yi famfara ba, shi ba a mayar da shi, don kada a lalata na dindindin da ke tahowa a ƙarƙashinsa.